Bajamushe Yana Jiran A Roƙe Shi

Duk garin da ya haifi mutum irin Mista Nelson Zamani, ya kamata ya riƙa yin sujadar godiya sau biyu a shekara. Kafanchan ta haifi malamai, ta haifi direbobin jirgin ƙasa tun lokacin da jirgin yake da rai, ta haifi fastoci da sojoji ba iyaka, amma Nelson guda ɗaya tak ta samu, kuma shi da kansa ya sha tuna mana da haka. Shekararsa bakwai a ƙasar Jamus. In ka tambaye shi aikinsa sai ya gyara murya ya ce shi jami'i ne mai kula da zirga-zirgar kayayyakin ƙasa da ƙasa. Masu baƙin ciki suna cewa wai kwali yake ɗauka a wani katafaren sito yana lodawa a bayan mota. Mu dai ba ma sauraron masu baƙin ciki. Mutumin da kwalin Japan zai bi ta hannunsa kafin ya isa Faransa ai ba ƙaramin mutum ba ne. A unguwa Bajamushe muke kiransa, shi kuwa yana amsawa da ɗaga yatsu biyu.

Babbar baiwar da Allah ya ba shi ita ce zama shi kaɗai. Shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa aure ba, kuma ya mayar da tuzuranci wani fannin ilimi mai zaman kansa. Kullum da safe, tun mata ba su gama shara ba, saƙon muryarsa zai faɗo a zauren WhatsApp na dangi.

"'Yan'uwa, barkanku da safiya daga Turai. Yanzu haka ina tsaye a bakin tagata da kofi mai zafi a hannu. Ba mai kirana. Ba mai tambayata inda aka ajiye wuƙa. Ku saurara da kyau."

Daga nan sai ya yi shiru na minti ɗaya cur, don dangi su ji irin shirun Jamus. Goggo Milka, yayar marigayi babansa, ta yi wata biyu tana jijjiga wayarta a daidai wannan wurin, tana tsammanin lalacewa ta yi.

Ranar Lahadi kuma hoton agwagi yake turowa. Wai bayan sujada a coci yakan sayi burodi ya tafi bakin tafki ya ciyar da su, abin yana wanke masa zuciya. Dangi suka yi murna, suka tambaye shi agwagin nasa sun kai nawa. Ya ce ba nasa ba ne. Aka ce na wa ne? Ya ce ba na kowa ba ne. Wani ƙaninsa ya tambaya, cikin ladabi, ko ana yanka su da Kirsimeti. Bajamushe ya fita daga zauren har kwana biyu, sai da aka ba shi haƙuri ya dawo.

To, ga abin da ba ya shiga saƙon murya. Nelson ya gaji. Ya gaji da cin abinci a tsaye, ya gaji da hira da wata fulawa da ya ajiye a tukunya a bakin tagar nan mai daraja. A sanyin bara zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa, wanda ya buga waya kuwa shugabansa ne na sito yana tambayar yaushe zai dawo aiki. Ranar da ya miƙe ya nemi hutun mako huɗu na Ista, da niyya guda ɗaya a ransa: ya zo gida a kai masa gaisuwar aure gidan su Doreen. Doreen malamar lissafi ce a wata sakandare a Kagoro. Ranar da zai tafi Jamus ta raka shi tasha, ya riƙe ƙofar mota ya ce mata, "Ki ba ni ɗan lokaci." Ta ba shi shekara bakwai, ba ta kula kowa ba.

Sai dai mutum mai matsayi irin nasa ba ya buɗe baki ya ce yana son aure. A roƙe shi ake yi. Kuma a gidajenmu wannan ba abin wahala ba ne, don akwai tsari. Tuzuru ya zo hutu, goggonni za su yi masa dirar mikiya, su lissafa masa shekarunsa, su yi kuka. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi lokaci. Su sake dawowa, ya ce zai yi addu'a a kai. A zuwa na uku sai ya yi dogon numfashi ya ce, "To, tunda kun matsa." Shi ke nan, ya samu mata, kuma ba wanda zai ce shi ya nema. Rabin mazan unguwarmu haka suka yi aure da mutuncinsu. Bajamushe ya san tsarin sarai. Har dogon numfashin ya gwada a cikin jirgi, sau uku, sai da na kusa da shi ya miƙo masa ruwa.

Ya sauka ranar Talata, ana wani zafi da ko kaza ba ta yarda ta bar inuwa, da ƙyallen ulu naɗe a wuyansa. Laraba da safe goggonni huɗu suka iso, Goggo Milka a gaba. Ta yi aikinta yadda ya kamata. Ta dafa kansa ta gano furfura uku. Ta ambaci sa'o'insa da 'ya'yansu suka shiga sakandare. Ta kira sunan marigayi ƙaninta, ta kwance bakin zane ta fara share hawaye. Kuka ne da ta ƙware a kai, maza goma sha ɗaya ta aurar da shi.

Abin da ake bukata daga Nelson bai wuce ya kalli ƙasa ba. Amma ya ɗaga ido ya ga mutum huɗu a zaune, ba mai niyyar tashi, ga su shiru suna jiran bakinsa. Irin wannan dama ba ta samuwa a Jamus. Sai ya miƙe tsaye.

"Goggo, ina girmama hawayenki, amma hawaye ba hujja ba ne. Duniya ta ci gaba. A inda nake, mutum yana kai shekara sittin shi kaɗai, likitoci suna yaba lafiyarsa. Ni da kuke gani ban rasa komai ba. Ina wanke kayana da inji. Ina dafa taliya cikin minti tara. Ku gaya mini, wane gurbi ne ya rage da za a saka wata a ciki?"

Minti arba'in ya yi. Tun a minti na goma Goggo Milka ta daina kuka, ta mayar da bakin zanenta ta ɗaure, ta zuba masa ido kawai. Da suka tafi ya shige ɗaki yana murmushi. Zagaye na farko ya kammala da nasara, saura biyu.

Kafin zagaye na biyu ya zo, sai ya ga ya dace ya nuna wa gari yadda ake rayuwa. Ya manna takarda a ƙofar ɗakinsa mai nuna lokutan ganin baƙi. Ya jera bokiti huɗu a tsakar gida, ya ce daga yau shara kashi huɗu ce, kowace da gidanta. Awaki suka yi masa godiya, don ya ware musu ɓawon doya wuri guda. Da yamma yakan fita tafiya a kan tsohon layin dogo, hannu a baya, in aka tambaye shi ina zuwa ya ce ba ko'ina, mutane su bi shi da kallon tausayi. Ya sayi burodi ya je bayan gida yana ciyar da agwagin maƙwabciya. Matar ta leƙo ta ga baƙo yana jan agwaginta da burodi zuwa bakin kwata, sai ta kwashe su ta kulle har ya bar garin.

Sai maganar lacca ta taso. Nelson ya ce Fasto Meshak ne ya nace sai ya yi wa zumuntar matasa jawabi. Gaskiyar ita ce shi ya tare faston a bakin coci sau biyu, shi kuwa Fasto Meshak mutum ne da bai iya cewa a'a ba ko ga mai tallan maganin basir. Aka sa ranar Asabar bayan Ista, ƙarfe huɗu. Bajamushe da hannunsa ya rubuta kan jawabin a babban kwali: Daɗin Zama Kai Kaɗai, Darussa Daga Turai. Lissafinsa mai sauƙi ne. Gwargwadon ƙarfin ƙin da ya yi, gwargwadon girman da zai samu ranar da ya miƙa wuya. Gari zai ce, kai, Doreen ta yi sa'a, irin wannan dutse ta motsa.

Cocin ya cika, don an ce za a raba alawar Jamus. Doreen ta zo tun daga Kagoro, da sabon ɗinki da sabon kitso, ta zauna a layi na uku da littafi da biro irin na malamai. Nelson ya hango ta. Zuciyarsa ta buga har sai da ya dafa tebur, sannan ya yi abin da ya saba yi in zuciyarsa ta buga, wato ya ƙara ɗaga murya.

"Matasa, zan fara da gado. Gadon tuzuru nasa ne daga gabas har yamma. In na ga dama in kwanta a tsaye, in na ga dama in kwanta a gicciye, ba mai zungurina da gwiwar hannu. Na biyu, tukunya. Naman da na bari da safe, shi zan tarar da yamma, ba ragi, ba bayani. Na uku, rediyo. Tashar da na kama, nan take zama har in dawo."

Samari suka fara tafi. Wani dattijo a baya, mai 'ya'ya tara, aka ji ya ce, "Hmm," da ƙarfi, matarsa ta juyo ta kalle shi.

"Ba ƙanin kowa da zai iso mini da jaka ya ce kwana biyu zai yi, ya shekara. In na fita, ba mai cewa sai yaushe. In na dawo, ba mai cewa daga ina. Ku tambayi masu aure a nan, yaushe rabon ɗayansu da ya sha shayi tun yana da zafi har ya ga ƙasan kofi? Ni kullum ina ganin ƙasan kofina. Wannan, 'yan'uwa, shi ake kira 'yanci."

A gaskiya, ya yi jawabi. Ko mu da muka je don alawa sai da jikinmu ya yi sanyi. Ya kwatanta yadda ake zama a kan benci ana kallon ganye yana faɗuwa, yadda ake shiga kanti a zaɓi cuku ba tare da shawarar kowa ba, yadda mutum yake yi wa kansa waƙar ranar haihuwa ya cinye kek ɗin gaba ɗaya. A wannan na ƙarshen muryarsa ta ɗan karye, amma aka ɗauka makirfo ne.

Da aka zo tambayoyi Doreen ta ɗaga biro. Ta miƙe a natse, kamar tana gaban aji.

"Mista Nelson, tambayata ɗaya ce. A shekara bakwai ɗin nan, ko sau ɗaya ba ka taɓa jin kana bukatar wani a kusa da kai ba?"

Jama'a, ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Ko murmushi ya yi ya ce, "Wannan sai mun keɓe," da an gama, da mata sun yi guɗa a wurin. Amma mutum ɗari biyu suna kallonsa, ga makirfo a hannu.

"Malama," in ji shi, "ko na minti ɗaya."

Doreen ta gyaɗa kai, ta rubuta a littafinta, ta zauna. Aka yi tafi mai tsawo. Bajamushe ya koma gida yana jin cewa ya ɗaga farashinsa yadda ya kamata, yanzu sai goggonni su zo su taya.

Washegari bayan sujada goggonni suka yi taro a inuwar bayan coci. Bai ɗauki lokaci ba. Goggo Milka ta ce, "Yaron nan ya faɗa a gida, mun ce ko kunya ce. Ya zo ya faɗa a gidan Ubangiji da makirfo. Mutum ba ya ƙarya a kan bagade. Ni na gaji, hawayena ma ina da inda zan kai su. A bar shi." Sauran suka ce amin. Da yake kuma mata ne masu son ɗansu, suka ƙara da cewa tunda shiru yake so, a haɗa kai a ba shi shiru mai kyau, kada ya koma Jamus ya ce gida ba a iya karɓar baƙo ba.

Ranar Litinin Nelson ya yi wanka da wuri, ya sa riga mai guga, ya zauna a falo yana jiran zagaye na biyu. Ba wanda ya zo. Talata ma haka. Ranar Laraba aka ajiye masa faten acha a bakin ƙofa, aka ƙwanƙwasa sau ɗaya, kafin ya buɗe mai kawowa ta ɓace. Yana jiyo dangi a tsakar gida an kewaye ƙwarya ɗaya ana ci ana shewa. Ya ɗauki kwanonsa ya fito wai zai sha iska. Ganinsa ke da wuya kowa ya yi tsit, aka tattara yara, aka koma bayan gida da ƙwaryar, aka bar masa tsakar gidan gaba ɗaya shi da bokitansa huɗu.

Ya fara jefa alamu. Ya cire maɓallin rigarsa da kansa, ya je ya tsaya gaban Goggo Milka yana juya shi, yana cewa irin wannan ƙaramin aiki yana ba namiji wahala. Ta aika a kira tela. Ya yi tari mai ban tausayi ya ce in mutum ya kwanta ciwo a Turai, hmm. Ta ce ai ya ce likitocin can suna yaba lafiyarsa. Ya ambaci cewa watan gobe zai cika arba'in da biyu. Ta ce Allah ya ƙara masa sittin, shi kaɗai, cikin lafiya.

A mako na uku aka yi bikin wani ɗan kawunsa. Nan ne wurin da tuzuru ba ya tsira, ko mai raba shinkafa sai ta ce masa saura kai. Nelson ya sha ado ya tafi da ƙarfin gwiwa. Ya tarar an ware masa tebur shi kaɗai a can gefen rumfa, da kujera ɗaya, da lemo ɗaya, nesa da lasifika. Mai gabatarwa ma ya sanar da cewa babban baƙonmu daga Jamus ba ya son hayaniya, don haka masu gaisuwa su ɗaga masa hannu daga nesa. Haka aka yi ta ɗaga masa hannu har aka tashi, shi kuma yana mayar da yatsu biyu.

Ni da nake ba ku labarin nan ban cika tausayin masu fankama ba, amma ranar sai da ya ba ni tausayi. Ya iso har ƙofar kicin ɗin Goggo Milka da yamma, ya tsaya yana sosa wuya.

"Goggo, ba ki da wata magana da kike so ki yi da ni kafin in koma?"

Ta yi tunani sosai, muciya a hannu.

"Akwai," in ji ta. "Bokitan nan, in ka tafi za mu iya ɗiban ruwa da su?"

Saura kwana uku ya tashi, Bajamushe ya gane cewa ba mai zuwa roƙonsa. Ya kwana yana shawara da girmansa, girman ya ce a haƙura, zazzaɓin bara ya ce a tafi. Da azahar ya tare ɗan acaba ya ce Kagoro. Ƙyallen ulun ma a kan gado ya manta shi.

Ya sami Doreen a gidan malamai, a gindin bishiyar mangwaro, ƙafafunta cikin roba da ruwan sanyi, da tiren mangwaro a cinya, rediyo yana yi ƙasa-ƙasa. Dutsen Kagoro yana tsaye a bayan gidan. Ta yi masa sannu da zuwa, ta nuna masa kujera da wuƙar hannunta, ba ta cire ƙafa daga ruwan ba. Bai zauna ba. Jawabin da ya shirya na tsaye ne.

"Doreen, bayan dogon nazari, da kuma la'akari da halin da kike ciki, na yanke shawarar sadaukar da wani ɓangare na 'yancina. Ba abu ne mai sauƙi ga mutum irina ba. Amma na duba, na ga kin yi haƙuri, kuma haƙuri ya cancanci lada. Saboda haka ina sanar da ke cewa a shirye nake a kai gaisuwa gidanku."

Ya yi dogon numfashin nan na cikin jirgi. Ya fito da kyau ƙwarai, sai dai ba a wurinsa ba.

Doreen ta gama yanka mangwaron da ke hannunta, ta ci, ta lashe yatsa.

"Nelson, da ka zo da wannan maganar kafin ranar Asabar ɗin can, ko a haka ka faɗe ta da na amsa. Ɗinkin da ka gan ni da shi, don kai na yi. Daga cocin nan har Kagoro kuka na yi a cikin mota, mai kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini."

Bajamushe ya gyara tsayuwa. Kuka alama ce mai kyau.

"Da gari ya waye sai na ce bari in gwada abin da mutumin nan ya faɗa, ko ƙarya yake yi. Na dafa shayi na zauna a taga, na kashe waya. Na sha har na ga ƙasan kofi. Na sayi kaza na soya, na ci cinya biyu ni kaɗai, na rufe sauran, da yamma na tarar da ita yadda na bar ta. Na kwanta a gicciye. Kai, Nelson, ba ka yi ƙarya ba ko kaɗan! Shekara bakwai ina tsammanin jira nake yi, ashe daɗi nake zaune a ciki ban sani ba, ina ta kallon waya ko za ka kira. Ni ban ma biya kuɗin jirgi ba. Ga dutse a tagata, ga mangwaro yana faɗo mini, in shirun ya ishe ni in tsallaka wurin maƙwabta mu yi hira."

"Doreen, ai lacca ce kawai," in ji shi, da wata ƙaramar murya da ba mu taɓa ji a WhatsApp ba. "Ana faɗin abubuwa a lacca."

"Shi ya sa na tambaye ka a gaban jama'a. Ka ce ko na minti ɗaya. Na rubuta, da kwanan wata." Ta ɗauki wani mangwaron. "Ba fushi nake yi ba, Allah ya sani. Godiya ma nake yi. Aure dai na fasa, da kai da wani duka. Ka ɗauki mangwaro ka ci a hanya, yanzu lokacin barcina ne na rana."

Ya ɗauki guda ɗaya, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba, ya juya ya nufi ƙofa. Amma babban mutum ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Kafin ya yi taku goma har ya fara dawowa hayyacinsa. Kwana biyu ai lokaci ne. Doreen ba ita kaɗai ce mace a ƙasar nan ba. A ƙungiyar mawaƙan coci akwai Hellen, ma'aikaciyar jinya, wadda ta yi masa tafi a tsaye ranar lacca. Akwai Peculiar mai shagon ɗinki, wadda ta nemi su ɗauki hoto. Mutumin da ke da takardar zama a Jamus, wa zai ce masa a'a sau biyu a mako ɗaya? Har kafaɗarsa ta fara komawa inda take.

"Nelson!"

Ya juyo da sauri har mangwaron ya kusa suɓucewa.

"Na kusa mantawa. Laccar nan, kana da ita a rubuce? Hellen da Peculiar sun ce in na gan ka in karɓo musu. Tun ranar suke gwadawa su ma, sun ce ba abin da ya kai shi. Peculiar har ta mayar wa wani zobensa."

Bajamushe ya tsaya a bakin ƙofa, rana tana dukan tsakiyar kansa. Ya buɗe baki. Akwai maganganu da yawa da suka kamata su fito, na zazzaɓi, na fulawar tukunya, na kek ɗin da ake ci da hawaye. Abin da ya fito shi ne, "Kwafi nawa?"

"Sha ɗaya," in ji Doreen, tana mayar da kanta jikin kujera. "Duk 'yan matan ƙungiyar ne."